Matatar Mai ta Kaduna da Haƙƙin Maƙwabtaka: Jawabin Shugaban Ƙungiya a Taron Shekara

Mai girma Hakimi, iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata da kuka taso daga Legas, Abuja da Kano, ina yi muku barka da zuwa gida.

Tun 1980 da aka buɗe Matatar Mai ta Kaduna a ƙasar Chikun muke zaman maƙwabtaka da ita. An faɗaɗa ta har ta kai ƙarfin tace ganga 110,000 a kullum, ruwan da ta gama aiki da shi kuwa Kogin Romi yake gangarawa, inda manomanmu ke noman rani. Saboda haka lafiyar wannan kogi lafiyarmu ce.

Rijiyar burtsatse da gyaran makaranta alheri ne, kuma ba ma raina alheri. Sai dai kyauta tana bin ra'ayin mai bayarwa. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da ayyukansu domin al'ummomin da suke zaune a cikinsu. Irin wannan rubutacciyar yarjejeniya muke nema: a riƙa auna ruwan Romi ana bayyana sakamako, a dasa itatuwa, a koya wa matasanmu sana'a.

A 2023 an ba kamfanin Daewoo kwangilar gyaran matatar. Ya kamata batun muhallinmu ya shiga duk wani shirin farfaɗo da ita. Lauyoyinmu, injiniyoyinmu da likitocinmu mazauna birni, ku ba kwamiti sunayenku kafin mu watse, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.