ALƘALANCIN WASAN TANIS: HORO, SHAIDAR ƘWAREWA DA SAUYIN DOKA



1.0 Gabatarwa

A watan Janairu na 1990, a babbar gasar tanis ta Ostareliya, shahararren ɗan wasan Amurka John McEnroe yana gaban abokin karawarsa Mikael Pernfors lokacin da aka kore shi daga gasar. Da farko an gargaɗe shi saboda razana wata mai lura da layi. Sa'an nan aka hukunta shi da maki ɗaya saboda ya fyaɗa raket ɗinsa da ƙasa. Da ya zagi jami'in da ke sa ido a kan gasar, sai alƙalin kujera, Gerry Armstrong, ya sanar cewa wasa ya ƙare. McEnroe ya ɗauka yana da sauran dama guda, domin a tsohuwar doka sai a laifi na huɗu ake kora. Ashe a farkon wannan shekara an mayar da matakan uku. Ɗan wasan bai sani ba, amma alƙalan sun sani.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa ikon alƙalin tanis bai dogara ga doguwar kujerar da yake zaune a kai ba. Ya dogara ne ga ilimin da ake sabunta masa kowace shekara. Za a duba rabon aiki tsakanin alƙalai, da yadda ake horar da su, da yadda doka ke sauyawa a hannunsu, sa'an nan a ƙare da matsalar da na'ura ta haifar wa wannan sana'a.

2.0 Rabon aiki

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kalmomi. A tanis, maki ne ke taruwa su zama ci, ci shida kuma su zama turmi, kamar dai turmin dambe. Wanda ya riga lashe turmi biyu, ko uku a wasannin maza na manyan gasa, shi ya yi nasara.

Alƙalan iri huɗu ne. Akwai masu lura da layi, waɗanda a babban fili sukan kai tara, kowa da layin da ya zuba wa ido. Akwai alƙalin kujera, mai sanar da maki, mai kula da lokaci da ladabin 'yan wasa. Akwai shugaban alƙalai, wanda ke ɗaukar su aiki, ya raba musu filaye, ya kuma auna ƙwazonsu. A sama da kowa akwai rafalin gasa.

Doka ta bambanta abubuwa biyu, watau abin da ya faru, da abin da doka ta ce game da shi. Idan gardamar ita ce ko ƙwallo ta taɓa layi, maganar alƙalin kujera ita ce ta ƙarshe. Idan kuwa gardamar a kan fassarar doka ce, ɗan wasa yana da ikon neman a kira rafali, kuma abin da rafali ya yanke ya zauna. Har wa yau, ba a yarda alƙalin kujera ya soke hukuncin mai layi ba sai in kuskuren a fili yake, kuma tilas ya yi haka nan take, tun ɗan wasa bai yi ƙorafi ba. Duk wanda ya san aikin kotu zai gane wannan tsari, domin shi ne bambancin shaida da hukunci.

3.0 Horo da lambobin shaida

Hukumar Tanis ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Faris a 1913, ita ke riƙe da dokokin wasan. Ita ce kuma, tare da ƙungiyoyin ƙwararrun 'yan wasa maza da mata, watau ATP da WTA, da manyan gasa huɗu na Ostareliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, ke tafiyar da tsari guda na ba alƙalai shaida.

Tsarin kamar tsani yake. Mai sha'awa yakan fara a ƙarƙashin hukumar tanis ta ƙasarsa, galibi a kan layi da ƙananan wasanni. Idan ya goge, sai hukumar ta gabatar da shi zuwa makarantar mataki na biyu, wadda ake yi da Turanci na 'yan kwanaki. A can ana jarraba shi a rubuce, a kuma ɗora shi a kujera malamai suna kallo. Wanda ya ci sai a ba shi farar lamba. Mataki na uku shi ne makarantar alƙalan ƙasa da ƙasa, inda alƙalin kujera ke samun lambar tagulla. Daga nan babu sauran makaranta. Lambar azurfa da ta zinariya ba a samun su da jarrabawar aji, sai da rahotannin aikin da manya suka rubuta a kan mutum, waɗanda ake dubawa a ƙarshen shekara. Masu lambar zinariya tsiraru ne ƙwarai a duniya, kuma daga cikinsu ake zaɓen waɗanda ke hukunta wasan ƙarshe na manyan gasa.

Abin lura shi ne wannan lamba aro ce. Ana bukatar mai ita ya yi aikin da aka ƙayyade masa a shekara, ya kawo shaidar lafiyar idonsa, ya kuma amsa tambayoyin jarrabawar shekara a kan dokoki. Wanda aikinsa ya ja baya ana iya rage masa daraja, ko a janye lambar ɗungurungum. Bugu da ƙari, akwai ƙa'idojin ɗa'a: ba ya yin caca a kan kowane wasan tanis, ba ya hukunta wasan wanda yake da dangantaka da shi, ba ya kuma yi wa 'yan jarida sharhi a kan hukunci ba tare da izini ba.

Maganar caca tana da dalili. Alƙalin kujera yana shigar da kowane maki a wata 'yar na'urar hannu, daga nan labarin ke isa ga kamfanonin caca a duniya. An sha kama alƙalai a ƙananan gasa suna jinkirta shigar da maki da gangan, domin abokan cin mushensu su riga kowa sa kuɗi. Hukumar kare mutuncin tanis, ITIA, wadda ta fara aiki a 2021, ta dakatar da waɗansu, ta kuma haramta wa waɗansu aikin har abada.

4.0 Doka ba ta zama wuri ɗaya

Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Misalai uku sun isa su nuna yadda kiɗan tanis ke sauyawa.

Na farko, raba-gardama. A da, idan 'yan wasa suka yi kunnen doki a ci shida-shida, sai a yi ta bugawa har wani ya ba da ratar ci biyu. Cikin manyan gasa huɗu, gasar Amurka ce ta fara shigo da raba-gardama a 1970, amma waɗansu gasa suka bar turmin ƙarshe a kan tsohon tsari. Sakamakon haka, a Wimbledon ta 2010 John Isner da Nicolas Mahut suka shafe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, turmin ƙarshe ya tashi 70 da 68, alƙali Mohamed Lahyani yana kan kujera. A 2019 Wimbledon ta sa raba-gardama a ci 12-12, sa'an nan a 2022 manyan gasa huɗun suka haɗu a kan raba-gardama mai maki goma a ci shida-shida. Ke nan cikin shekara huɗu alƙali ɗaya ya yi aiki da dokoki uku a fili ɗaya.

Na biyu, lokaci. Ɗan wasa yana da daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, daƙiƙa 90 wajen sauya ɓangaren fili, da daƙiƙa 120 bayan turmi. A da alƙali kaɗai ke ganin agogonsa. A 2018 gasar Amurka ta kafa agogo a fili kowa yana gani, sai sassaucin da alƙali kan yi a ɓoye ya zama abin da 'yan kallo ke iya ƙirgawa.

Na uku, koyarwa daga gefen fili. A wasan ƙarshe na mata a gasar Amurka ta 2018, alƙali Carlos Ramos ya gargaɗi Serena Williams saboda kocinta ya yi mata alama da hannu. Da ta fasa raket ya hukunta ta da maki, da ta kira shi ɓarawo ya hukunta ta da ci guda, Naomi Osaka kuwa ta lashe wasan. Ramos ya sha suka, alhali dokar ranar ya bi. Daga 1 ga Janairu, 2025, dokokin tanis sun halatta irin wannan koyarwa bisa sharuɗɗa. Abin da ya zama laifi a 2018 ya zama halas bayan shekara bakwai. Alƙalin da ya tsaya a kan karatun jiya zai zalunci ɗan wasan yau, yana ganin daidai yake yi.

5.0 Na'ura da gindin tsani

A 2004, a gasar Amurka, an tafka kurakurai a wasan Serena Williams da Jennifer Capriati, talabijin kuma ta nuna su ƙarara. Wannan ya gaggauta karɓar na'urar Hawk-Eye, mai bin sawun ƙwallo da kyamarori. A 2006 gasar Amurka ta fara ba ɗan wasa damar ƙalubalantar hukuncin layi. A 2021 gasar Ostareliya ta yi wasanninta ba tare da masu layi ba. A 2025 Wimbledon, wadda aka fara tun 1877, ta sallami nata, ATP ma ta koma ga na'ura a manyan gasanninta. A wannan shekara gasar Faransa ce kaɗai cikin huɗun ta riƙe masu layi.

Ba a musun cewa na'ura ta fi ido daidaito. Amma ta zo da matsaloli biyu. Ta farko ta bayyana a Wimbledon ta 2025, a wasan Anastasia Pavlyuchenkova da Sonay Kartal. An kashe na'urar bisa kuskure, ƙwallon Kartal ta fita a fili, ba a ji kira ba, alƙali ya sa aka sake buga makin, daga baya masu gasar suka nemi gafara. Darasin shi ne ranar da na'ura ta yi shiru, idon mutum za a koma wa, idon da ba ya aiki kuwa dushewa yake yi.

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Layi shi ne makarantar farko ta alƙalin kujera. A nan matashi ke koyon tsai da ido, da ɗaga murya, da jure ihun 'yan kallo, yana kallon yadda manya ke kwantar da fushin ɗan wasa. A da, burin tsayawa a layin Wimbledon shi ke riƙe mutane da yawa a ƙananan gasa masu ƙaramin lada. An cire gindin tsani, alhali ana bukatar masu hawa samansa.

6.0 Kammalawa

Wannan magana ta shafi ƙasashe irin Nijeriya kai tsaye. Na'urar tana da tsada, saboda haka gasannin cikin gida, kamar gasar Dala da ake yi a Kano, da wasannin makarantu da na matasa, za su daɗe suna dogara ga idon mutum. A irin waɗannan filaye ne horon da manyan gasa suka daina bayarwa zai ci gaba da samuwa. Ɗalibin da ke jin Turanci, mai lafiyar ido da sanyin zuciya, yana da hanyar da za ta iya kai shi har ga farar lamba da abin da ke sama da ita, muddin hukumomin wasanni sun shirya kwasa-kwasai a kai a kai, sun kuma isar da kowane gyaran doka ga alƙalansu kafin gasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ma'aikacin gwamnati ma yana da abin ɗauka a nan. Takardar shaidar da ke cikin fayil ɗinsa tana faɗin abin da ya sani ne ranar da aka ba shi ita. Alƙalan tanis sun yarda a riƙa tambayarsu kowace shekara ko har yanzu sun sani, kuma saboda wannan ne idan suka yanke hukunci, ko zakaran duniya sai ya tattara kayansa ya bar fili.