ARGUNGU DA GULBINTA: WURAREN TARIHI DA NA SHAƘATAWA, DA NAUYIN DA KE KANMU

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)



Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wuraren tarihi da na shaƙatawa da Allah Ya albarkaci garinmu da su. A ido, yi wa Kabawa bayanin Argungu tamkar koya wa ɗan Sarkin Ruwa iyo ne. To amma idan muka dubi 'ya'yanmu da aka haifa a birane, waɗanda da yawansu ba su san Matan Fada ba sai a talabijin, za mu ga cewa maganar ta zo a kan kari. Abin da muke son mu tsaya a kansa a yau guda ɗaya ne: duniya ta san garinmu da bikin kwana huɗu, alhali abin da garin ya mallaka ya ishi baƙo kallo tun daga farkon shekara har ƙarshenta. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce asararmu, kuma cike ta aikinmu ne.

GULBI SHI NE TUSHE

Duk wanda zai fahimci Kabi, to ya fara da ruwa. Gulbin Rima da na Sakkwato suna haɗuwa a kusa da birnin Sakkwato, su gangaro a matsayin gulbi ɗaya ta gefen Argungu da Birnin Kabi, har su faɗa Kwara. A kan hanyarsa gulbin yakan bazu cikin fadama mai faɗin gaske, ya bar tafkuna da rassa, ya kwantar da laka mai albarka. Wannan fadama ita ta ciyar da kakanninmu da shinkafa da kifi, ita ta shayar da dabbobinsu da rani, ita ce kuma ta zame musu garkuwa a zamanin yaƙi, domin dokin da bai san hanya ba ba ya ƙetare ta da damina.

Har gobe fadamar ba ta gaza ba. Ita ta sa aka san Jihar Kabi da noman shinkafa, ita ta jawo babbar masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Amma ban da abinci, akwai wata ni'ima a cikinta da muka saba da ita har muka daina ganinta. Wanda ya shiga kwalekwale da sanyin safiya a watannin hunturu, ya ga hazo kwance a kan ruwa, ya ga bado ya buɗe, balbela da zalɓe na kiwo a gefen gona, garken kirinjijiya na tashi daga tafki, ya ji masunta na kiran juna daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya ga abin da mutanen wasu ƙasashe ke biyan kuɗin jirgin sama domin su je su gani.

SURAME, BIRNIN KANTA

Tarihin sarautarmu ya faro ne daga Muhammadu Kanta, wanda ya yi yaƙi tare da Askiya Muhammadu na Songhai, daga baya suka saɓa a kan rabon ganima bayan yaƙin Agadas. Wajen 1516 Kanta ya ɓalle ya tsayar da daular Kabi, rundunar Songhai kuma ta kasa maido da shi. Ya gina Surame ya mai da ita babban birninsa, ya kewaye ta da ganuwa ta dutse da ƙasa. Sarakunan Kabi sun zauna a can kusan shekara 200, kafin a koma Birnin Kabi a farkon ƙarni na 18.

Kufan Surame yana nan a yankin Binji na Jihar Sakkwato ta yau. An sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, sannan a 2007 Nijeriya ta shigar da shi jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Ragowar ganuwar da kufan fada da tsofaffin rijiyoyi suna nan suna ba da shaida. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu nawa ne a wannan zaure muka taɓa taka Surame da ƙafarmu? Kasancewar iyakar jiha ta raba mu da ita tun 1991 bai cire ta daga tarihinmu ba.

GIDAN NABAME

Bayan Birnin Kabi ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1805, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun yi ta gwagwarmaya har suka kafu a Argungu. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi, kuma daga wannan lokaci har zuwan Turawa garin bai faɗa hannun kowa ba. Masu ba da labari na cewa sunan garin kansa ya samo asali ne daga kiran da aka yi wa jama'a cewa a yi gungu, wato a taru wuri ɗaya.

Tsohuwar fadar sarakunanmu, wadda muka fi sani da Gidan Nabame, ita ce mazaunin sarki har 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada. A 1958 aka buɗe ta a matsayin Gidan Tarihi na Kanta. A cikinta akwai masu da takubba da kwari da baka, da sulke da garkuwa, da layu da tambura, da kayan su da na noma irin na da. A nan ne kuma aka binne sarakunan da suka gabata. Ginin kansa darasi ne: kaurin bango, da zaure mai baka, da yadda ɗaki ke yin sanyi da tsakar rana a watan bazara ba tare da na'ura ba. Yaron da ya yi sa'a biyu a wannan gida tare da dattijon da ya san labarin kowane makami, zai fita da ilimin da littafin aji ba zai ba shi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

MATAN FADA

Su a gulbin Kabi ya girmi biki nesa ba kusa ba. Tun da can akwai gyaran ruwa da fashin ruwa, akwai Sarkin Ruwa da Homa, akwai ƙa'idar lokacin da ake shiga ruwa da lokacin da ake barinsa ya huta. Bikin da duniya ta sani ya fara ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Wannan ziyara ta rufe babin gaba ta fiye da shekara 100 tsakanin Kabi da Sakkwato, aka kuma shirya gagarumin su domin karrama baƙon. Ashe ke nan bikinmu na sulhu ne tun asalinsa, kuma ya kamata kowane ɗanmu ya san haka.

Kowa a nan ya san yadda ranar babban su take. Dubban masunta jere a bakin gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa. A harba bindiga, ƙasa ta girgiza da gudu, ruwa ya rufe da mutane. Makaɗa na kewayawa cikin kwalekwale. Bayan kamar sa'a guda a fara fito da giwan ruwa ana kai wa ma'auni. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, a 2020 kuwa kilo 78. Kafin wannan rana akwai wasannin Kabanci: tseren kwalekwale, da iyo, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu, ga kokawa da dambe da nunin amfanin gona. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Akwai hikima ɗaya a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Abin da ya sa ake samun kifi mai nauyin ƙato a Matan Fada shi ne an hana su a wurin a sauran watannin shekara. Kakanninmu sun san amfanin barin ruwa ya huta tun kafin masana su ba abin suna.

DARASIN SHEKARUN DA BA A YI BIKI BA

'Yan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2006 ƙarancin ruwa ya hana a yi babban su. Bayan bikin 2009 kuma, aka shafe shekara goma cur ba a sake yi ba sai a watan Maris na 2020. A waɗannan shekaru mun ga abin da ya faru. Masaukan baƙi sun zauna wayam, mai tuƙin kwalekwale da mai sassaƙa da mai saƙar homa da mai tuyar kifi duk sun ji a jikinsu. Yaran da suka tashi a lokacin sun girma ba su ga Kabanci da idonsu ba. Gulbi bai ƙaura ba, Gidan Nabame bai rufe ba, Surame na nan inda take, amma baƙi sun ɗauke ƙafa, domin ba mu taɓa nuna musu wani dalilin zuwa ba in ban da biki.

Shi kansa gulbin yana neman kulawa. Madatsun Bakolori da Goronyo da ke sama da mu sun sauya yadda ruwa ke zuwa da yadda yake janyewa. Yashi na cike hanyoyin ruwa, sare itatuwan bakin gaɓa na ƙara zaizaya, leda da shara na kwarara daga gari. Wata shekara ruwa ya yi kaɗan, wata kuma ya yi ambaliya ya cinye gonaki, kamar yadda muka gani a 2010 da 2020. Ranar da Matan Fada ta ƙafe, babu tallar da za ta kawo mana baƙo.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yashe gulbi da gyaran hanya da tsaro aikin hukuma ne, kuma wajibi ne 'ya'yanmu da ke kusa da masu mulki su ci gaba da tunatarwa. Amma akwai abin da ke hannunmu, wanda ba ya jiran kasafin kuɗin kowa.

Na farko, kowane reshe ya tsayar da lokaci a hutun makaranta da zai kawo yaransa gida, a kai su Gidan Nabame da bakin Matan Fada, wanda ya samu hali ya ƙarasa Surame. Mu ne baƙin farko da garinmu ke bukata.

Na biyu, mu ɗauki nauyin horar da samarin gari su zama 'yan rakiya masu iya bayani da Hausa da Turanci, a haɗa su da dattawan fada da na masunta, a ɗauki muryoyin dattawan nan a adana tun suna raye.

Na uku, mu haɗa kai da Sarkin Ruwa da jama'arsa a tsara yawon kwalekwale a wuraren da al'ada ta yarda, da farashi sananne da rigunan kariya daga nutsewa, domin rai ya fi kuɗin shiga.

Na huɗu, mu dasa itatuwa a bakin gaɓa, mu raine su har su kama, mu samar da wuraren zama da na zuba shara, ta yadda magidanci zai iya kai iyalinsa shan iska da la'asar.

Na biyar, masu hali daga cikinmu su duba zuba jari a ƙananan masaukai masu tsabta da wuraren cin abinci. Baƙon da ya ci tuwon shinkafa da miyar sabon kifi ya kwana lafiya, shi zai kawo mana wani.

KAMMALAWA

Dukkan waɗannan sai da izini da albarkar Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, da majalisarsa, domin su ne masu riƙon amanar waɗannan wurare. Muna roƙon wannan taro da kada ya tashi sai ya naɗa kwamitin da zai kai musu waɗannan shawarwari, ya kuma kawo mana rahoto a taron baɗi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kakanninmu sun tsare wannan gari da mashi da garkuwa. Abin da ake nema daga gare mu bai wuce lokaci da ɗan abin aljihu da zumunci ba.

Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya albarkaci gulbinmu da fadamarmu, Ya maida kowa gidansa lafiya.