Shigar Bani Isra'ila Ƙasar Kan'ana: Littafi da Kufai



Mafi yawanmu mun san farkon wannan labari daga Suratul Ma'ida, inda Annabi Musa (A.S.) ya umurci jama'arsa su shiga ƙasa mai tsarki, suka ji tsoron mutanenta suka ƙi, aka hana musu ita shekara arba'in suna ɗimuwa. Yadda suka shige ta daga baya shi ne batunmu yau, kuma cikakken bayaninsa yana cikin Littafin Joshuwa na Tsohon Alkawari. Joshuwa ɗin nan shi ne malamanmu na tafsiri suke kira Yusha'u ɗan Nun.

Bisa ga wannan littafi, Joshuwa ya haye Kogin Urdun da jama'a, suka kewaye Yariko kwana bakwai, aka busa ƙahoni, ganuwa ta rushe. Kana suka ci Ai, suka murƙushe sarakunan kudu, suka ƙone Hazor a arewa. Babi na 12 ya lissafa sarakuna 31 da aka ci, sa'an nan aka raba ƙasa tsakanin kabilu ta hanyar kuri'a. Mai karatu zai ɗauka yaƙi ya ƙare ke nan.

Amma da zarar ya buɗe Littafin Mahukunta, wanda ke biye, sai ya tarar da wani labari. Babi na farko ya nuna kowace kabila tana fama a yankinta. Yahuza ta riƙe tuddai, ta kāsa mutanen kwari saboda karusansu na ƙarfe. Manassa ba ta kori mutanen Magiddo da Bet-sheyan ba, Ifraimu ta zauna tare da Kan'aniyawan Gezer, Yebusiyawa kuwa suna nan a Urushalima har zamanin Annabi Dauda (A.S.). Watau littafin da kansa ya adana riwaya biyu, ta cin ƙasa gaba ɗaya da ta zama sannu a hankali.

To, me kufai suka nuna? John Garstang ya haƙa Yariko daga 1930 zuwa 1936, ya ce ya gano ganuwar da ta rushe. Kathleen Kenyon ta sake haƙa wurin daga 1952 zuwa 1958, ta nuna ganuwar ta girmi zamanin Joshuwa da ɗaruruwan shekaru, kuma an rushe birnin tun wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Wurin da aka fi ɗauka shi ne Ai ya yi fiye da shekara dubu kango kafin lokacin. Hazor kam, Yigael Yadin ya tarar lalle an ƙone ta a ƙarni na 13, ko da yake toka ba ta faɗin wanda ya cinna wuta.

Har wa yau akwai dutsen Fir'auna Merneptah, na wajen 1208, wanda Flinders Petrie ya gano a 1896. Shi ne rubutu mafi tsufa da ya ambaci Isra'ila, kuma ya ambace ta a matsayin jama'a, ba birni ko masarauta ba. Daga wajen wannan zamani ne ƙananan ƙauyuka marasa ganuwa suka yawaita a tuddan Kan'ana, tukwanensu kuwa sun yi kama da na Kan'aniyawa. Saboda haka masana da dama, kamar Israel Finkelstein, suke ganin yawancin mazaunan farko 'yan ƙasa ne, kuma riwayar Mahukunta ta fi kusa da abin da ya auku.

Wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce. Turawan da suka mamaye Amurka, da Buwa na Afirka ta Kudu, akwai cikinsu waɗanda suka ɗauki kansu sabuwar Isra'ila, suka ɗauki 'yan ƙasa Kan'aniyawa, suka halatta wa kansu gonakin mutane. Sun karanta Joshuwa, suka tsaya nan. Wajibin ɗalibi shi ne ya karanta riwayoyin biyu tare, ya auna su da shaidar ƙasa, kafin ya yarda wani ya kafa masa hujja da ɗaya.