Ƙibar "sha ka fashe" da abin da ke biyo bayanta

 

Sunan ƙwayar na asibiti deksametason, amma ba mai tsayawa gaban kemis ya karya harshensa. Daga unguwar Mandawari har Jakara "sha ka fashe" ake cewa, sau da yawa a haɗa ta da wata ƙwayar mai buɗe ciki, a miƙa wa yarinya saura wata biyu biki don ta cika zani.

Kada a ce na zo ɓata magani. Wannan dangi, sitiroyid, ya ceci rayuka. A 1948 likita Philip Hench na Amurka ya fara ba wata mai ciwon gaɓoɓi kotizon, ta miƙe daga gado cikin 'yan kwanaki, aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. A 2020 binciken jami'ar Oxford ya nuna deksa ta rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Amma ku lura da ma'aunin: miligiram 6 a rana, kwana goma, likita na tsaye. Haka ake ba mai asma idan ta turnuƙe, haka ake yi wa mai cikin da za ta haifi bakwaini allura don huhun jaririn ya nuna.

Na taɓa ganin wata amarya, wata biyar da tarewa. Uwarta ce ta riƙo ta. Fuska ta yi tim kamar faifai, kitse ya taru a ƙeya da ciki, amma hannu da ƙafa sun zama sillan kara. Da ta ɗaga riga, nankarwa ce jajaye, faɗin yatsa, ga shi ba ta taɓa haihuwa ba. Muka auna sukari, ya hau. Jini ma ya hau. Uwar ta ce, "Likita, wallahi kowa yabawa yake, an ce aure ya karɓe ta." Kitse da ruwa ne jiki ya tara, tsoka kuma tana zagwanyewa. Likita Harvey Cushing ya siffanta irin wannan kama tun 1932.

Wanda ba a gani ya fi muni. Ƙashi yana ruɓewa a hankali, kan ƙashin ƙugu ya mutu, matashi ya koma dogara sanda. Ido ya yi yana. Garkuwar jiki ta kwanta, tarin tibi da ke barci a ƙirji ya farka. Man bilicin ma na cikin zancen, domin da yawa akwai kulobetasol a ciki, kuma fata na tsotse shi har jini. Shi ya sa hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa a 2023. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne uwar da ke shafa wa jariri, fatar da ba ta fi bawon albasa ba.

To ga abin da ya kawo ni, don na san wasu za su koma gida su watsa ƙwayar a masai yau ɗin nan. Kada ku yi. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai samar da kotisol, sinadarin da ke riƙe jini da sukari idan jiki ya shiga wahala. In an wuce kamar mako uku ana ɗura na waje, sai ta ga an hutar da ita ta daina aiki, kuma ba ta farkawa dare ɗaya. Wanda ya yanke shan farat ɗaya, amai da jiri su kama shi, jini ya faɗi, ya some. In zazzaɓin cizon sauro ya tarar da shi a haka, ana iya rasa shi, a ce iska ce.

Ɗauki kwalin, ko da 'yar ƙullin leda ce, ki tafi da shi Asibitin Murtala nan Ƙofar Mata ko wanda ya fi kusa. Faɗi gaskiyar watannin da kika yi kina sha, ba mai yi miki faɗa. A auna sukari da jini, a riƙa rage miki kaɗan-kaɗan. Waccan amaryar sai da muka yi wata huɗu muna ragewa. Fuskar ta saɓe, nankarwar tana nan.