Daga Kwabenya zuwa Tiptoe Lane: Abin da ke Cikin Ƙwayar Zarra

Lacca ga ɗaliban sakandare da iyayensu a Nima, Accra

 

Duk mai shiga trotro zuwa Madina ya san Atomic Junction, amma kaɗan ne cikin matasan Nima da Maamobi suka taɓa bin hanyar har Kwabenya, inda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana take. Tarihin wurin ya faro ne da fargaba. A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura zuwa Afirka ta Yamma. Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Ghana, Najeriya kuma ta yanke hulɗa da ita a 1961. Nkrumah bai tsaya ga ƙorafi ba. Ya ga cewa wanda bai san ilimin ba, ba ya iya kare kansa daga cutarsa, balle ya ci moriyarsa. Aka kafa hukumar a 1963, ya aza harsashin ginin Kwabenya a watan Nuwamba na 1964. Juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin, sai da aka yi kusan shekara 30 kafin injin nukiliya ya fara aiki a ƙasar.

To, mene ne ake bincikawa a can? Ƙwayar zarra, wadda da ita aka gina ruwa da iska da ƙarfe da jikin ɗan Adam. An daɗe ana zaton ba ta rabuwa, har J. J. Thomson ya gano elektiron a 1897. Gwajin da ya buɗe ƙofa sosai kuwa da zinariya aka yi shi, arzikin da aka san ƙasar nan da shi. A birnin Mancesta na Ingila, mataimakan Ernest Rutherford sun riƙa harba wasu ƙananan ƙwayoyi masu gudu kan fallen zinariya siriri ƙwarai. Kusan dukkansu suka ratsa suka wuce, amma ɗaya cikin dubbai sai ta dawo da baya. A 1911 Rutherford ya bayyana dalili: kusan duk nauyin zarra yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya a tsakiya, sauran wurin kuwa fili ne da elektiron ke kai-kawo a ciki. Da za a kumbura zarrar zinariya ta kai girman filin wasa na Accra, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar wake a tsakiyar filin ba.

A cikin cibiyar akwai furoton mai caji na ƙari, da niyutiron marar caji, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Yawan furoton shi ke ba sinadari sunansa: 14 silikon ne, 79 zinariya, 92 yuraniyom. Daga nan ilimin ya rabu gida biyu. Mai bin cibiya zai ƙare a Kwabenya, mai bin elektiron kuma a rumfar gyaran waya.

A fara da cibiya. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ta arewacin Nijar tun 1971 iri biyu ne a gauraye, kuma irin da ke tsagewa cikin sauƙi, wato yuraniyom-235, bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba. Idan niyutiron ya bugi cibiyarsa, sai ta rabe biyu, ta fitar da zafi da ƙarin niyutiron biyu ko uku, su ma su je su bugi wasu. Otto Hahn da Fritz Strassmann ne suka ga haka a Jamus a ƙarshen 1938, Lise Meitner da Otto Frisch suka fassara abin da ya faru. In aka saki wannan sarƙar ta tafi yadda take so, bam ke nan. In aka sa mata linzami da sandunan da ke shanye niyutiron, sai a samu zafin da zai tafasa ruwa ya juya injin lantarki. Kilo ɗaya na yuraniyom-235 yana ba da zafin da ya fi na kwal tan 2,000.

Injin Kwabenya, mai suna GHARR-1, ƙirar ƙasar Sin ne, ƙarfinsa kimanin kilowat 30 kacal, don haka ba ya ba kowa wuta. Bincike ne aikinsa. Ana sa ɗan samfurin ƙasa ko ruwa ko abinci a ciki, niyutiron ya same shi, kowane sinadari ya fitar da haskensa na daban, a gane ko akwai zaiba ko wata guba. Ƙasar da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ke gurɓata koguna irin su Pra da Ankobra tana matuƙar buƙatar masu wannan sana'a. A 2017 an cire wa injin man nukiliyar da aka tace sosai, irin wanda ake tsoron a karkatar zuwa makami, aka mayar da shi Sin, aka sa mai ƙarancin tacewa. Ɗan'uwansa yana Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tun 2004. A asibitin Korle Bu kuma, tun 1997 ake ƙona ciwon daji da hasken da wannan ilimin ya samar.

Yanzu a dawo ga elektiron, inda matasan zango suka fi kowa hannu. Je ka Tiptoe Lane a Circle, ka ga yaro ya buɗe waya, ya duba, ya ce aisi ne ya ƙone, ya cire ya sa wani. Gwaninta ce ta gaske, kuma tana ciyar da gidaje. Amma me ke cikin aisin? Silikon ne, wanda asalinsa yashi ne da aka tace. Tagulla tana barin wuta ta wuce, roba tana hana ta, silikon kuwa yana tsakani, shi ya sa ake kiran irinsa semikondakta. Zarrarsa tana da elektiron huɗu a zagayen waje, kowanne ya kama na maƙwabciyarta, babu mai sakewar tafiya. In aka sa masa ɗan fosforos mai elektiron biyar, sai a samu rarar ɗaya mai yawo, wannan shi ne nau'in n. In boron mai uku aka sa, sai a samu gurbi da elektiron ke faɗawa ciki, nau'in p ke nan. Haɗa su biyun wuri ɗaya, wuta za ta wuce ta gefe guda kawai. Da wannan mahaɗar caja ke mayar da wutar gida ta dace da batir, da ita fitilar LED ke haske, da ita faifan sola da mutane suka rungumi tun zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ke juya rana zuwa lantarki.

In aka jera nau'ukan biyu hawa uku, an samu tiransista, makunnin da ba shi da abin da ke motsi. An ƙirƙiro ta a Amurka a 1947, kuma dattawan da ke nan sun tuna rediyon da ake kira da sunanta, wanda suka riƙa jin labaran duniya da Hausa a cikinsa. Wayar zamani tana ɗauke da biliyoyinta.

Abin da ke damun mai kishin zango shi ne, hannu ya ƙware amma an bar ilimin ga wasu. Ghana ta kafa dokar hukumar sa ido kan nukiliya a 2015, kuma ta zaɓi Nsuban a Yankin Yamma domin tashar lantarki ta nukiliya. Za a nemi injiniyoyi da masu awon haske da masu kula da tsaro. Marigayi Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond wanda ya shugabanci hukumar ta Kwabenya, ya nuna cewa ɗan ƙasar nan zai iya yin fice a fiziks har duniya ta san shi. Tun 2017 karatun babbar sakandare kyauta ne, kuma akwai makarantar nazarin nukiliya ta Jami'ar Ghana a Kwabenya ga wanda ya gama digirin farko.

Saboda haka, ɗalibai, maza da mata, kada tsoron lissafi ya hana ku zaɓar ɓangaren kimiyya. Iyaye, ku rage wa yaran talla da aike a lokacin shirin jarrabawar WASSCE, kuma kada a cire yarinya daga aji alhali tana gane karatu. Malamai kuma ku rubuta wa hukumar, ku nemi izinin kai ɗalibanku Kwabenya su ga injin da idonsu kafin wannan zangon karatu ya ƙare.