Daga Shafi Zuwa Baki: Yadda Mai Karatun Labari Ke Mallakar Kalma

 

Tambayar da ke gabanmu gajera ce: mutum yana cikin karatun ƙagaggen labari, sai ya yi kiciɓis da kalmar da bai sani ba, yaya zai yi da ita? Malamai sun kasu biyu. Wasu sun ce ya tsaya, ya ja mata layi, ya buɗe ƙamus, ya jera ta da 'yan'uwanta a takarda, ya haddace. Wasu kuwa sun ce ya yi gaba abinsa, labarin da kansa zai koya masa. Abin da zan kare a yau shi ne, kalma ba ta zama a kan mutum sai ya sake haɗuwa da ita sau da dama, kuma da wuya littafi guda ya ba shi wannan maimaicin. Don haka wajibi ne mai karatu ya tsamo kalmomi kaɗan daga littafin, ya kai su inda ake magana.

Akwai hujja daga masu bincike. A 1978, Saragi da Nation da Meister sun ba wasu Turawa littafin Anthony Burgess mai suna A Clockwork Orange, wanda marubucin ya cika shi da kalmomin da ya ƙera daga Rashanci. Ba a ba su ƙamus ba, ba a kuma ce su kula da kalmomin ba. Da aka jarraba su a kan kalma 90, sai aka tarar sun gane wajen kashi 76 cikin ɗari. Masu cewa a yi gaba kawai suna son wannan sakamako, amma sukan manta cewa kalmomin nan suna ta dawowa a cikin littafin, kusan sau 15 kowace idan aka yi raba-daidai. A 2003 kuma, Waring da Takaki sun gwada ɗalibai a Japan da wani sauƙaƙan littafin Turanci, suka sake waiwayar su bayan wata uku. Daga cikin kalma 25, kusan ɗaya tak ɗalibi yake iya tuna ma'anarta, kuma waɗanda ba su kai fitowa sau takwas ba duk sun gushe. Manomin yankin Funtuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan: haɗuwar farko da kalma shuka ce kawai, idan ba a bi ta da firi da maimai ba, ciyawa ce za ta ci gonar.

To mu dawo gida. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Waɗannan littattafai gajeru ne, kuma duniyar da suka kwatanta ta yi wa yaron yau nisa. Labarin yaƙi yana zuwa da lifidi da sulke da kwalkwali, labarin fatauci yana zuwa da ayari da madugu da zango. Irin wannan kalma za ta leƙo sau ɗaya ko biyu, ta ɓace. Yaron da ya tashi a Funtuwa, garin da auduga ta raya, yana iya gama sakandare bai san gurya ba, bai san mazari ko abawa ko shiɓa ba, domin injin gurza da masaƙa sun karɓe aikin da kakarsa take yi a tsakar gida. Littafi zai nuna masa kalmar, amma ba zai maimaita masa ita yadda za ta zauna ba. Sa'ar da ya yi, wadda ɗalibin Japan ɗin can bai samu ba, ita ce kakar tana nan da ranta, kuma dattijon da ya san bambancin gandu da gayauna yana zaune a ƙofar gida bayan la'asar.

Wani zai ce, ina amfanin wahalar da tsofaffi, ga ƙamus, ga waya a hannu? Ƙamus abin girmamawa ne. Na Bargery da ya fito a 1934 yana ɗauke da kalma sama da 39,000, na Abraham ya biyo baya a 1949, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda yake bayyana Hausa da Hausa. Duk makarantar da ba ta da ko ɗaya daga cikinsu ta tauye ɗalibanta. Sai dai akwai abin da ya kamata mu lura da shi game da rubutunmu na boko: ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Fari na launi, da fari na ƙarancin ruwan sama, da fari masu cin amfanin gona, duk rubutu ɗaya ne. A kalmar da ka sani, kunnenka ne ke cike giɓin. A kalmar da ba ka taɓa ji ba kuwa, babu abin da zai cike shi, sai ka furta ta a karkace, masu harshe su yi maka kallon baƙo. Bargery da Abraham sun sa alamomin furuci, amma ɗalibai nawa aka koya wa karanta su? Bayan haka, ƙamus zai ba ka ma'ana, amma da wuya ya gaya maka cewa wannan kalma ba a faɗin ta gaban suruki.

Wani kuma zai ce tsayawa kan kalma yana kashe daɗin labari. Wannan gaskiya ce, kuma na karɓe ta. Wanda yake bin Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja a cikin ramuwar gayyarsu, kada ya tsaya. Ya ɗan ɗiga alama da fensir ya wuce. Idan ya kai ƙarshen babi, ya waiwayo ya zaɓi biyar, musamman waɗanda suka fito fiye da sau ɗaya ko waɗanda rashin saninsu ya rufe masa labarin. Sauran ya bar su, za su sake tarar da shi a wani littafin.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta masu cewa littattafan soyayya ba su da Hausar da za a koya. Wannan rashin adalci ne, kuma bai kamata a faɗe shi a garin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ba, marubuciyar Allura Cikin Ruwa, wadda dubban mata suka riƙe karatu ta dalilin littattafanta. Marubutan 1933 duk maza ne, sun ba mu fada da fagen fama da hanyar fatake. Maganar cikin gida kuwa, ta lefe da gara da kamu da buɗar kai, da habaicin kishiyoyi da lafazin uwa ga 'yarta ranar kai amarya, sai da marubuta mata suka zo ta samu wurin zama sosai a takarda. Na yarda da yawa daga cikin littattafan kasuwa sun fito ba tare da edita ba, kuma labaran da ake yaɗawa ta WhatsApp yanzu sun cika gaurayen Turanci. Maganin wannan shi ne a haɗa wa yaro Magana Jari Ce, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da littattafan Hajiya Bilkisu, domin kowanne yana da kalmomin da ɗan'uwansa ba shi da su.

Iyaye za su ce damuwarsu Turancin WAEC da JAMB ce. Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai yaron ba shi da kakar da za ta maimaita masa Turanci, saboda haka dole maimaicin ya fito daga yawan littattafai. Binciken Paul Nation na 2006 ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya yi karatu ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Ɗalibin da ke ja wa kalma ashirin layi a shafi guda, littafin ya fi ƙarfinsa, a sauko masa da mai sauƙi, a ba shi da yawa.

Ga malaman Hausa kuwa, roƙona darasi ɗaya ne a mako. Kowane ɗalibi ya zo da kalmominsa biyar, ya faɗi wanda ya tambaya a gida da jimlar da aka ba shi. Wannan yanki yana kan iyakar Katsina da Zazzau, ga kuma baƙin da jirgin ƙasa da cinikin auduga suka kawo, don haka za a samu saɓani: na Dandume ya kawo wata ma'ana, na Malumfashi ya kawo wata. Kada malam ya yi saurin yanke hukunci. A rubuta duka biyun a littafin aji, tare da sunan garin da aka ji kowace.