Jawabin Sakataren Ƙungiya a Kan Tayoyin Sabuwar Motarmu da Haƙƙin Mai Saye



Mai girma wakilin Sarkin Hausawa, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, malamanmu Allah ya gafarta muku, shugaban ƙungiya da 'yan kwamiti, iyayenmu mata da ke saurare daga baya, da sauran jama'ar Sabo da waɗanda suka taso daga Bodija da Ojo, ina yi muku barka da zuwa.

Shugaba ya umurce ni in yi bayani a kan tayoyin motar ƙungiya, domin maganar ta yi yawa a bakin masallaci da teburin mai shayi, har ta kai wasu na cewa wai direba ya cire tayoyin asali ya sayar ya sa na gwanjo, wasu kuma suna cewa ai da sanin Sakatare. Ban ji haushi ba, kuɗin jama'a ne, kuma duk wanda ya sa kwabonsa yana da ikon tambaya. Amma tun da farko ina so in wanke yaron nan. Ranar da muka karɓo motar a Legas na rubuta lambobin da ke jikin tayoyin guda biyar, har da safaya, a littafin ƙungiya, kuma makon jiya ni da Ma'aji da mutum biyu daga cikin dattawa mun durƙusa mun gwada su ɗaya bayan ɗaya. Su ne dai, ba a canja ko ɗaya ba.

Kun san mun sayi motar nan sabuwa dal a leda, ba 'yar Kwatano ba, da gudummawarku da ta attajiranmu, domin kai marasa lafiya asibiti da zuwa ta'aziyya da sauran hidimomi. Wata tara ke nan, ta yi tafiyar kilomita dubu 16 da 'yan kai, sai ga tayoyin gaba biyu sun suɗe ta gefen ciki har zare ya fara leƙowa, alhali ta waje in ka kalle su sai ka rantse sababbi ne. Mai faci ne ya gani da ya cire ɗaya zai toshe hujin ƙusa. Da bai gani ba, da wannan taya za mu hau babbar hanyar Legas da mutum a kwance a baya.

Abu na farko da na koya a wannan lamari shi ne, yadda taya ta cinye yana nuna abin da ya cinye ta. Idan gefe biyu suka suɗe tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. Idan tsakiya ce ta suɗe gefe na nan, iska ta yi yawa. Idan cin ya zo tudu da kwari, nan ya lotsa can ya taso, a duba shokozoba da balansin. Idan kuwa gefe ɗaya ne kawai ya cinye, kamar tamu, to saitin ƙafafun mota ne ya kauce, wato alaimen, tayar tana tafiya tana gogar kwalta a karkace. Mun kai motar wurin masu na'urar alaimen, suka auna, suka ba mu takarda, kuma ta nuna ƙafafun gaba duka biyu ba sa kan saitinsu.

Da muka koma wa dilan da ya sayar mana, sai ma'aikacinsu ya buɗe littafin garanti ya nuna mana inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa taya ba ta cikin abin da suka ɗauki alhakinsa, ya ce mu nemi kamfanin taya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don haka ku fahimce ta. Kamfanin mota ba ya yin taya, saye yake yi daga wani kamfani, kuma a bisa al'ada garantin taya yana wuyan wanda ya yi ta, shi ma kuma aibin ƙira kawai yake karɓa, ba ya karɓar cinyewa. Har ila yau tayar da ake ɗaura wa mota a masana'anta sau da yawa ana zaɓenta ne domin laushin tafiya da rashin ƙara da rage shan mai, abubuwan da mai saye zai ji daɗinsu ranar gwaji, ba lallai domin daɗewa ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne tayar farko ta riga wadda za ka saya daga baya ƙarewa. Sai dai ƙarewa da wuri daban, cin gefe ɗaya daban. Na ce masa, ranka ya daɗe, mu ba mu zo ƙarar taya ba, mun zo ƙarar saitin mota, kuma saitin mota naku ne. Nan take ya juya ya ce ai ramukan hanyarmu ne suka kautar da shi.

Wannan turereniya tsakanin mai mota da mai taya tsohuwa ce. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu a jikin motar Ford Explorer suka fito daga masana'anta, bayan da aka ga fatar tayar tana ɓarewa ana cikin gudu mota ta kife. Mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu. Ford ya ce tayar ce ba ta da kyau, Firestone ya ce yawan iskar da Ford ya rubuta wa direbobi ne ya yi kaɗan. Kuma tun 1999 an fara canja wa mutane irin tayoyin nan a Saudiyya, ƙasa mai zafi, kafin maganar ta fashe a can Amurka. Na kawo wannan ne domin wanda ke ganin tunda abu sabo ne daga Turai ko Japan to ba ya da aibi, ya sake tunani.

Yanzu ga abin da doka ta ba mu. Akwai dokar tarayya ta kare mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992. Dokar ta ce duk wanda ya sayi kaya yana da haƙƙin samun kaya mai inganci, marar aibi, wanda zai yi aikin da aka saye shi dominsa har tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Ta kuma ce a cikin wata uku da karɓar kaya, idan ya gaza, mai saye na iya mayar wa wanda ya sayar masa, shi kuma ko ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Idan mai sayarwa ya ƙi saurare, ana iya kai kuka hukumar, ana iya zuwa kotu. Ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau: babu inda aka ce sai ɗan asalin jiha. Ba a tambayar takardar ƙaramar hukuma, ba a tambayar garin da aka haifi kakanka. Rasit ake tambaya. Mu da muka saba a ce mana baƙi a garin da kakanninmu suka zauna fiye da shekara ɗari, har mun koyi jan jiki ko a wurin da muke da gaskiya, sai mu ce a bar wa Allah. Barin abu ga Allah alheri ne idan naka ne kai kaɗai, amma kuɗin marayu da zawarawa da 'yan dako da suka sa a motar nan ba na jin muna da ikon yafe shi a madadinsu.

Wata ukun nan mun riga mun wuce shi, kuma nan ne laifinmu ya fara. Tun makon farko direba ya ce mini motar tana jan hagu idan ya sassauta sitiyari. Na ce ya faɗa musu a sabis na farko. Ya faɗa da baki, suka ce za ta daidaita, ba su rubuta a katin aiki ba, shi bai karanta katin ba, ni kuma da ya kawo mini na jefa a fayil ban duba ba. Wannan sakacina ne, kuma na amsa shi a gabanku. Abin da ya taimake mu shi ne yaron yana riƙe da ɗan littafi da yake rubuta mai da tafiye-tafiye da ajami, kuma a shafin ranar sabis ɗin ya rubuta cewa ya gaya wa injiniya mota na ja. Ba hujja ce mai ƙarfi kamar katinsu ba, amma da na fassara musu ita a wasiƙa na haɗa da hoton shafin da takardar awon alaimen, sai muryarsu ta sauya.

Sauran laifinmu kuma in faɗe su a taƙaice. Littafin motar ya ce a riƙa juya tayoyi, na gaba su koma baya, kusan kowane kilomita dubu 10, ba mu yi ba ko sau ɗaya, kuma da mun yi da an ga cin tun yana ƙarami. Mun kuma yi mata lodin da ya wuce ƙima, musamman tafiyar ɗaurin auren nan da aka cika ta da mutane da huhunan goro. Batun iska kuwa, yawancin masu facinmu da yatsa ko da ƙarfe suke ƙwanƙwasa taya su ce ta yi. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, ba lambar da ke jikin taya ba, wadda ita iyaka ce da ba a so a wuce. A auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi.

Tunda da yawa daga cikinmu direbobi ne ko masu motar haya, bari in ƙara da yadda ake karanta shekarun taya, abin da ni kaina sai da na girma na sani, kamar yadda sai da na girma na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 1923, an yi ta ne a mako na 19 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗin cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar yinta, ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa a ajiye. Mota kuwa tana iya yin watanni a jirgin ruwa da tasha da filin dila kafin ta zo hannunka, saboda haka sabuwar mota ba ta nufin sabuwar taya. Namu ba su cika shekara ba lokacin da muka karɓa, don haka tsufa ba ya cikin matsalarmu. Sannan a cikin kwarin zanen taya akwai wasu 'yan tudu masu tsawon milimita 1.6, da zarar fuskar taya ta zo daidai da su, ta gama aiki. Ku riƙa murɗa sitiyari har ƙarshe ku leƙa gefen ciki, nan ne aka ɓoye mana.

Wani zai ce me ya sa ba mu je wa kamfanin tayar kai tsaye ba. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008, kuma tayoyin da ke jikin motocin da ake shigo da su daga waje suke zuwa. Wanda za ka kama a nan shi ne wakili ko dila. Shi ya sa rasit ya zama dole ya fito da sunanka ko sunan ƙungiya, ba sunan dillalin da ya raka ka ba, kamar yadda wasu alhazanmu ke yi saboda yarda. Ranar rigima wanda sunansa ke takarda shi za a saurara.

Ga inda aka kwana. Bayan wasiƙarmu ta biyu, dilan ya yi mana tayi a rubuce cewa zai gyara alaimen kyauta, ya kuma biya rabin kuɗin sababbin tayoyin gaba biyu, da sharaɗin mu sa hannu cewa magana ta ƙare. Kwamiti ya rabu biyu. Wasu sun ce a karɓa, tunda mu ma muna da namu sakacin, kuma motar tana ajiye mako uku ke nan muna ɗaukar shata duk lokacin da wani ya kwanta. Wasu sun ce a kai ƙara hukumar a nemi cikakken kuɗi. Ni ra'ayina, a karɓi gyaran da rabin kuɗin, amma kada a sa hannu a kan sharaɗin yadda yake, sai an gyara shi ya tsaya a kan tayoyin nan biyu kawai, domin idan bayan an saita ƙafafun suka sake kaucewa ba tare da an faɗa rami ba, to akwai abin da ya lanƙwashe tun daga masana'anta, kuma wannan garantin mota ne ya kamata ya ɗauka. Idan suka ƙi gyara sharaɗin, sai mu tafi hukumar da takardunmu.

Sun ba mu zuwa ƙarshen wata. Fayil ɗin yana nan a kan tebur, da rasit da littafin garanti da wasiƙu da takardar awo, duk mai son gani ya zo bayan an tashi, wanda ba ya karanta Turanci zan karanta masa. Tayar da aka cire kuma tana bakin ƙofa domin kowa ya taɓa gefen cikin da hannunsa. Yanzu zan mayar da magana ga shugaba domin a ji ra'ayin dattawa kafin a ɗaga hannu.